Filin Da Ba Na Kowa Ba

Shekarun baya can, tun Turawa suna ƙasar nan, na taɓa yin tafinta na wuni ɗaya a ƙauyenmu. Wuni ɗaya tak. Na yi aikin hukuma shekara da shekaru bayan haka, yawancin abin da na yi na manta shi, amma wannan wunin ya ƙi barina. Jikokina sun dame ni in ba da labarin, to ga shi, kada a ce tsoho ya tafi da abinsa.

Lokacin ina saurayi, ban daɗe da gama makarantar Midil ba aka ɗauke ni malanta a ofishin da ke kula da daji da filaye a Hadejia. Kada ku so ku gan ni a lokacin. Gajeren wando na kaki, safa har gwiwa, alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu, don ado nake sa shi. Ga keke. In na shigo gari sai na kaɗa ƙararrawa ko da babu kowa a gabana. Ina ji da kaina ƙwarai, musamman da Turancina, wanda yanzu na gane bai taka kara ya karya ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Hadejia da Guri, a kan wani ɗan tudu. Bayan gari akwai wani makeken fili da muke ce wa Sarari. Ba gona ba ne, ba kuma daji sosai ba. Da damina in kogi ya cika ya tumbatsa sai ruwa ya shafe shi, kifi ya shigo ya hayayyafa. In kaka ta yi ruwan ya janye ya bar tafkuna, sai a sa ranar su, wato kamun kifi na gayya, gari duka ya shiga da koma da gora. Bayan nan Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa. In shekara ta yi tsanani, badon tafkunan nan ne yake riƙe mutane. A gefen da ya ɗan yi tudu kuma kaba ce shimfiɗe iyakar ganinka, ita ce ta mata.

Da wannan kabar mahaifiyata ta raine ni. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ita kuma ba ta sake aure ba. Takan fita da laujenta da sassafe tare da matan unguwa, ta yanko kaba, ta shanya, ta tsaga, ta rina wadda za ta rina, ta zauna saƙa. Tabarmarta an san ta har kasuwar Hadejia, don in ka naɗe ta ba ta karyewa a gefe. Tuwon da na ci, da rigar da na fara shiga makaranta da ita, duk daga Sarari suka fito ta hannunta. Na faɗi wannan tun yanzu ne don kada wani ya yi mini uzuri daga baya ya ce ban sani ba. Na sani sarai.

A shekarun nan noman gyaɗa ya kama mutane kamar zazzaɓi. Ko'ina sara ake yi, gona na cin daji, burtali na matsewa. Sai hukuma ta ce za a keɓe wasu filaye a kafa musu turakun siminti, kada kowa ya nome su, a bar su don gaba. Maganar gaskiya niyyar ba mummuna ba ce. Baitulmali ta ware kuɗin turaku da na mai gadi, amma da sharaɗin a gama kafin shekara ta juya, in ba haka ba kuɗin su koma. Ga kuma damina na tafe, in ruwa ya sauko babu hanyar shiga ƙauyukanmu sai a kwalekwale. Saboda haka komai cikin gaggawa ake yinsa.

Ƙa'idar aikin kuwa mai sauƙi ce. Kafin a keɓe fili sai an je an zauna da mutanen wurin an tambaye su. Duk abin da suka ce suna yi a cikinsa, kamun kifi ne, kiwo ne, itace ne, za a rubuta a bar musu. Abin da ba a rubuta ba kuwa, daga ranar ya haramta. Wannan ƙa'ida ni na kwafe ta da hannuna har sau uku a ofis.

Baturen da aka ba aikin sabon zuwa ne, Hausarsa ba ta wuce sannu da madalla ba. Akwai wani dattijon tafinta da ke yawo da shi, amma ranar da za a je ƙauyenmu ciwon ido ya kwantar da shi. Aka ce wa zai je, na yi wuf na ce ni, ai garinmu ne. A raina ina cewa yau mutanen garinmu za su ga abin da karatu ya yi.

Tsakiyar rani muka je. Mun fara zagaya Sarari kafin zama, kuma ko ni da na tashi a wurin na ga ya yi kama da inda ba a taɓa takawa ba. Ƙasa ta tsattsage, tafkuna sun ƙafe, Fulani sun yi gaba, kabar ma an yanke ta sai kututture. Bature ya tsaya ya duba gabas ya duba yamma, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Da na buɗe baki na ce masa ya dawo bayan wata biyar ya ga wurin, da labarin nan bai faru ba. Ban ce ba, ina can ina gyara safa.

Aka zauna a gindin tsamiyar ƙofar gidan bulama, wato mai garinmu. Maza duk sun hallara. Mata ba sa zuwa irin wannan zama, suna cikin gida. Bature a kan kujerarsa mai naɗewa, ni a tsaye a gefensa. Da aka zo maganar Sarari sai bulama ya nuna kawuna, yayan mahaifiyata, don shi ne sarkin ruwan garin, shi ke sa ranar su, shi ke raba rigima in ta tashi tsakanin masunta da makiyaya. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya fara zance daga tsakiya.

Bature ya yi tambayarsa, na juya ta. Ko Kawu ban ce masa ba, wai kada Bature ya gane dangina ne wannan tsoho mai tsohuwar riga.

Na ce, "Sarkin ruwa, Bature yana tambaya, Sarari na wane ne?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Subhanallahi. Ba na kowa ba ne, ɗana."

Sannan ya gyara zama ya fara bayani. Ya ce tun kakanni an yi alkawari ba mai cewa nawa ne a kan ko taki ɗaya na Sarari. Ya ce mai su yana da lokacinsa, mai shanu yana da lokacinsa, mata suna da gefensu. Ya kawo labarin wani mutum a zamanin mahaifinsa da ya dasa gamba ya kewaye wani yanki, gari ya daina amsa masa sallama har sai da ya tuge ta da hannunsa. Ya ce bulama kansa bai isa ya ba wani ko ya hana wani ba. Yana magana a hankali, dattawa suna gyaɗa kai.

Ni kuwa idona na kan Bature. Zufa ta jiƙa masa riga, ƙuda sun dame shi, ya duba agogo sau biyu, kuma akwai wani ƙauyen da za mu je kafin la'asar. Sai na ji kunya ta kama ni. Kunyar Kawu, kunyar tsawon zancensa, kunyar garinmu gaba ɗaya. Da ya kai aya Bature ya dube ni, na juya masa da Turanci a taƙaice. Na ce filin ba mai shi.

Bature ya ɗaga gira ya ce duk wannan dogon jawabin abin da ya faɗa ke nan? Na ce sauran labarin tsofaffi ne. Ya yi dariya, ni ma na yi. Wallahi har yau in na tuna wannan dariyar tawa sai in ji abinci ya fita raina.

Bai tsaya nan ba, don mutumin yana bin ƙa'idarsa. Ya ce in tambayi jama'a ko akwai mai wani abu a cikin filin, ya tashi ya faɗa a rubuta. Na ɗaga murya na ce, "Duk wanda yake da abin da zai ce nasa ne a cikin Sarari, ya tashi ya faɗa."

Ba wanda ya motsa. Na maimaita har sau uku kamar yadda aka ce in yi, wuri ya yi tsit, wasu ma suka sunkuyar da kai. To wa zai tashi? A garinmu ka miƙe a gaban jama'a ka ce wani abu a Sarari naka ne, ai ka kira kanka ɓarawo ke nan. Da cewa na yi wa ke su a nan, wa ke kiwo, matan wa ke yankan kaba, da babu wanda zai rage a zaune. Kalma ɗaya na sa, nasa, ita ta ɗaure musu ƙafa. Bature ya rubuta cewa an tambaya babu mai da'awa. Bulama ya dangwala yatsa, aka yi addu'a aka tashi, kowa yana murna wai an kare Sarari daga masu gyaɗa.

Na leƙa gida a gurguje. Mahaifiyata ta dama mini fura, ta ce, "An gama lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Daga yau ba mai nome muku Sarari."

Ta ce, "To madalla. Allah ya yi maka albarka." Na shanye furar na hau keke.

Kafin ruwa ya sauko aka kafa turakun. Damina ta zo ta wuce ban ji komai ba, har na manta. Sai wata ranar kaka da hantsi ina ofis ina kwafar takarda, masinja ya ce wani tsoho yana nemana a waje. Na fita na tarar da Kawu zaune a ƙasa a inuwar bango, ƙafafunsa duk taɓo ya bushe a kansu. Mutumin da bai fi sau uku ya taɓa zuwa Hadejia ba a rayuwarsa. Na ɗauka rasuwa aka yi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa har ƙarshe, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, sannan ya ce an kawo musu mai gadi, baƙo ne daga nesa, ba ya jin maganar kowa sai ta takarda. Ya hana kamun kifi. Ya kori Fulani. Shekaranjiya kuma ya tare mata a gefen kaba ya karɓe musu lauje guda tara.

Na ce, "Har da na Inna?"

Ya ce, "Har da nata." Sannan ya ce, "Ɗana, me ka gaya wa Baturen nan?"

Na ce, "Abin da ka faɗa, Kawu. Ka ce ba na kowa ba ne."

Ya ce, "Haka na ce. Na ce maka babu kowa a cikinsa?"



Ya ƙara da cewa, "Da baƙo ne ya yi tafintan nan, da na ƙara masa bayani har ya gaji. Da na ga kai ne sai hankalina ya kwanta. Na ce wannan ai a wurin aka goya shi."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Na so a ce ya mare ni, da ya fi mini sauƙi. Na ce ya shigo gida ya ci abinci, ya ce a'a, masu kwalekwalen da suka kawo shi rabin hanya suna jiransa. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Kwana biyu ina kai-kawo a ƙofar ofishin Bature ban shiga ba. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. In na faɗi gaskiya aiki zai iya tafiya, ga keke, ga kaki, ga yarinyar da nake nema iyayenta sun yarda da ni ne don ni ma'aikaci ne. Har na fara shirya ƙaryar da zan ɗora wa mutanen garinmu, in ce su ne ba su fahimci tambaya ba. A rana ta uku aka aike ni ɗakin ajiya ɗauko takarda, sai na ga laujunan a jingine a kusurwa, an ɗaure su da igiya. Na gane na mahaifiyata nan take, don ƙotarsa ta taɓa tsagewa na ɗaure mata ita da fata tun ina yaro. Daga nan ban koma kujerata ba, kai tsaye na wuce wurin Bature.

Na gaya masa komai, har da dariyar. Fuskarsa ta yi ja. Sannan ya tambaye ni ko na san takardar ta riga ta tafi sama an sa mata hannu, lokacin ƙorafi kuma ya wuce. Na ce na sani. Ya ce in fita.

Amma in faɗi alherinsa, bai bar maganar ba. Bayan mako biyu ya sake komawa ƙauyenmu, wannan karon da dattijon tafinta, ni kuma aka bar ni a ofis. Tafintan ne ya ba ni labari. Ya ce da suka isa Bature ya tsaya a bakin Sarari ya ga ruwa, ya ga tsuntsaye, ya ga shanu cirko-cirko a bayan turaku, ya cire malafarsa ya riƙe a hannu. Kawu ya sake yin jawabinsa tun daga farko, aka juya shi duka ba a rage komai ba. Bature ya rubuta sama yana roƙon gyara. Bayan watanni amsa ta zo. An yarda da kamun kifi, an yarda da kiwo bayan janyewar ruwa, an yarda da ɗiban bado.

Kaba ce aka ƙi. Na tambayi Bature dalili, ya ce yankan kaba shi ke hana goruba tashi, kuma don itatuwa su tashi aka keɓe filin tun farko. Ya ce da an faɗa a zaman farko, da dole ne a rubuta, ko kuma ya ja iyakar ta bar wa mata gefensu a waje. Yanzu kuwa alfarma yake nema, ba zai nemi wadda ta rushe dalilin aikin ba. Maza suka sami nasu, mata suka tashi a tutar babu. Ni kuma ba a kore ni ba, amma an ce kada in ƙara yin tafinta, aka mai da ni ɗakin ajiya.

Kun ɗauka na yi hankali? Ina fa. Wayon ɗan boko bai sake ni ba. Ina cikin tsofaffin takardu sai na ga ƙa'ida ta yarda a ba mutum ɗaya takardar izini ta musamman in akwai dalili. Na yi ta bin Bature ina roƙo, na ce tsohuwa ce, ba ta da miji, sana'arta ke nan. Ya gaji da ni ya sa hannu ya buga hatimi. Na karɓo laujenta daga ɗakin ajiya, na naɗe shi a tsumma, na sa takardar a aljihu, ranar Juma'a da sassafe na kama hanyar gida. A hanya har waƙa nake yi, wai na gyara ɓarnata.

Tun abin nan ban je gida ba sai ranar, kunya ta hana ni. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, a inda take zama saƙa, amma babu komai a gabanta. Ban taɓa ganin hannuwanta a zube haka ba. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a kamar ba abin da ya faru, ta ce na rame. Na kwance tsumman na ajiye mata laujen. Ta ɗauka ta shafa ƙotar, ta ce, "Ikon Allah. Ya dawo."

Na ce, "Ba shi kaɗai ba, Inna." Na fito da takardar na karanta mata ina juyawa da Hausa, a hankali, ina jin daɗin muryata. An yarda wa wance, mai ɗauke da wannan takarda, ta yanki kaba a cikin fili ba tare da an hana ta ba.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ni da wa?"

Na ce, "Ke kaɗai. Da ƙyar ma na samo."

Ta ce, "Sauran lauje takwas ɗin fa?"

Na ce suna ofis.

Ta nuna katangar zana da haɓarta, ta ce, "Wannan maƙwabciyar tawa marayu uku take riƙo. Tare muke fita tun kafin a haife ka. Gobe in ɗauki lauje in wuce ta ƙofarta, in ta ce ina zuwa, in ce mata me?"

Na ce, "Inna, ai ba laifinki ba ne. Hukuma ce ta ba ki."

Ta dube ni, irin kallon da take yi mini ina yaro in na yi abin da ta rasa yadda za ta fara yi mini faɗa. Ta ce, "Ɗan nan, kawunka ya zauna a gaban Bature ya ƙi cewa nawa ne. Gari duka suka zauna suka ƙi. Ni ce zan je in faɗa, da takarda a hannu?"

Ta karɓi takardar ta ninke ta yadda take, ba ta yaga ba, ba ta jefar ba, ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, "Mayar masa, ka ce tsohuwa ta gode. Wannan ma tafi da shi, ka ajiye shi cikin 'yan uwansa. Ranar da za a ba su nasu sai a ba ni nawa." Ta turo mini laujen.

A nan na yi kuka, da kakina da safata, kamar yaron goye. Ta bar ni na yi, sannan ta tashi ta ɗora mini ruwan wanka. Daga ranar har ta bar duniya ba ta ƙara tayar mini da maganar ba, ko da wasa.

Laujunan ba a taɓa mayar musu ba. Matan suka sa maƙeri ya ƙera wasu, suka riƙa tafiya wani wuri mai nisa ta wajen Guri, a fita da asuba a dawo bayan la'asar da ɗan abin da kai zai iya ɗauka. Mahaifiyata ta bi su rani biyu, a na uku gwiwoyinta suka ƙi. Na ce zan riƙa sayo mata kaba daga kasuwa, na sayo sau ɗaya, ta duba ta ce an yanke ta ba lokacinta ba, ba za ta ɓata sunanta da ita ba. Shi ke nan ta daina saƙa. Ban bar ta da yunwa ba, hatsi da sutura ba su yanke mata ba, amma duk zuwan da zan yi sai in tarar da ita tana murza yatsunta a kan cinya, ita ma ba ta san tana yi ba.

Yanzu in kun je za ku ga Sarari yana nan. Duk kewayensa an nome, har bakin turakun, shi kaɗai ya rage. Goruba ta tashi ta yi rassa, inuwa ko'ina, makiyaya suna samun inda za su sa kai. Kwanakin baya wani saurayi mai karatun itatuwa ya zo har gida ya gaishe ni, ya ce ya ji ina cikin waɗanda suka yi aikin keɓe wurin, Allah ya saka mana. Na ce amin, don ban san me zan ce masa ba. Ba zan ce filin da ya tsira abin baƙin ciki ne ba, ƙarya zan yi. Amma da na yi aikina yadda ya kamata, da filin ya tsira, da gefen mata ma ya tsira, don wurin ya isa kowa. Ba Bature ne ya rage maganar Kawu ba, ni ne, kuma ba rashin sani ya sa ba, kunyar mutanena ce. Tun daga lokacin in talaka yana yi mini dogon bayani ba na katse shi, ko da zan makara. Yarana suna yi mini tsiya wai ina tara wa kaina masu surutu. Na bar su, ba su san dalili ba sai yau.

Inna ta yi shekara goma sha ɗaya bayan ta ajiye saƙa. Ranar da ta rasu, da aka gama yi mata sutura, sai aka ce a kawo tabarmar da za a naɗe ta a ɗora a makara. Muka duba ɗakinta, muka duba gidan Kawu, maƙwabta suka duba nasu. Tabarmar kaba ba ta shekara goma, nata duk sun mutu, ba ko ɗaya da ta rage a garin. Ni na hau keke na je ƙauyen gaba na sayo wata, saƙar wata mata da ban sani ba, a cikinta muka kai mahaifiyata.